Magani a Hannu, Yara a Ƙasa: Yadda Wani Gari a Zamfara Ya Jira Likitocin Yara Shekara Uku

Wannan nazari ya bi lamarin gari ɗaya ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, ɗaya daga cikin garuruwa takwas da aka kwashe ƙasarsu bayan gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a yankin. Shi ne mafi girma a cikinsu, shi ne kuma na ƙarshe da aiki ya iso. An bar sunansa a gefe, domin abin da ake son dubawa shi ne aikin likitan yara a inda cutar ba a jikin yaro kaɗai take ba, tana cikin ƙasar da yake rarrafe a kai.

Kafin 2010: dutse ya shigo tsakar gida

Mutanen garin manoma ne, gero da dawa da wake, sai 'yan dabbobi a bayan gida. Zinariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara, an daɗe ana tononta kaɗan-kaɗan idan aikin gona ya lafa. Farashi ne ya sauya. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 kuɗinta ya yi ta hawa, ya haura dala 1,000 kan oza guda a 2009, ya doshi dala 1,900 a 2011. Manomin da ya saba jiran kaka sau ɗaya a shekara ya ga abin da zai sa masa kuɗi a aljihu kafin kasuwa ta zagayo.

Ga yadda aikin yake. Maza su sauka rami su faso dutse, a cika buhuna, a ɗoro a babur zuwa gida. A farfasa shi da guduma har ya koma tsakuwa, sai a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa masara da dawa, a niƙe shi a bushe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai niƙa ya san yadda yake fitowa fari fat har gashin ido. To haka ƙurar dutsen ke tashi ta sauka a kan katanga da tabarma da kwanon da aka kife da bakin rijiya. Daga nan a wanke niƙaƙƙen dutsen da ruwa, a zuba zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta bi iska, ɗan abin da ya saura shi ne rabon. Dusar da ta rage ba a zubarwa, tunda ana kyautata zaton da sauran arziki a cikinta. Shanya ta ake yi a tsakar gida a sake wankewa, ko a tara a sayar.

Mata sun shiga aikin ba tare da sun leƙa ƙofar gida ba. Wadda ta saba dakau ko ƙuli-ƙuli ta samu sana'ar da ta fi su kawo kuɗi: a kawo mata tsakuwa ta daka a turmi, goyo a baya, na yaye yana wasa a gindinta. Da yamma turmin nan ne za a karkaɗe a zuba gero.

Wajen 2009 aka faɗa kan dutsen da ke maƙare da dalma, wani ma fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Bahaushe ya san dangin wannan dutse ta wata fuskar, domin kwallin gargajiya da ake sa wa ido asalinsa dutsen dalma ne. Masana duwatsu na Amurka da suka duba samfurin daga baya sun gano cewa wani ɓangare na dalmar ya riga ya rikiɗa zuwa nau'in da ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Garin da muke magana a kai kuwa shi ne cibiya: nan ake kawo dutse daga ramuka daban-daban, nan injina suka fi yawa, kuma a gefensa akwai babban filin niƙa da wanki inda dusa ta taru tuli-tuli.

Farkon 2010: agwagi tukuna, sannan yara

Alamar farko ba a jikin mutum ta fito ba. Agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyukan yankin, su da ke kiwo da baki cikin taɓo da kududdufi. Sai daga baya aka tuna da su.

Sannan yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka kama ciwo. Ciwon ciki, amai, kasala, yaro ya ƙi nono ya ƙi wasa. Sai jijjiga, ido ya kafe, haƙora su datse, daga nan dogon suma. Iyaye sun yi abin da aka saba yi wa yaron da ya sandare ba dalili: rubutu, hayaƙi, jiƙo, kemis, in hali ya yi a nufi asibiti.

A asibitin ma abin da aka saba aka yi. Watan Maris ne, zafi da ƙura, ga yaro yana jijjiga. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara a Arewa abu biyu zai fara kawowa, sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai, kuma ba ganganci ba ne. Zamfara tana cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, kuma a 2009 an yi babbar annobarsa a arewacin Najeriya da Nijar. Hatta ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, da suka fara jin labarin mace-macen a Maris 2010, sintirin sanƙarau ne ya kai su. Aka ba yaran maganin maleriya, aka ba su na kashe ƙwayoyin cuta. Ba su tashi ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne wasu yaran idan aka gwada su ana samun maleriyar da gaske. Gwajin bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba likita amsar da za ta sa ya daina tambaya. Nazarin da aka yi daga baya a kan yara 972 ya nuna cewa yaron da ya haɗa dalma da maleriya ya fi shiga haɗarin taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Tsarin mutuwar ne ya karya zaton farko. Sanƙarau ba ya tsince ƙanana ya bar yayyensu haka kawai, ba ya kuma bin ƙauyukan da ake niƙa dutse ya tsallake maƙwabtansu. Aka ɗebi jinin yara takwas aka aika wani ɗakin gwaji a Jamus. Sakamakon ya dawo tsakanin 168 da 370.

Ana auna dalma a jini ne da maikirogiram a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. A lokacin, 10 ne inda likita ke fara damuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauko da wannan layi zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. Daga 45 ake fara ba da maganin fitar da dalma. Daga 70 zuwa sama kuwa lamari ne na gaggawa.

Mayu zuwa Yuni 2010: an ƙirga

A watan Mayu Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa tawaga da CDC da Hukumar Lafiya ta Duniya da MSF da jami'an jihar. Daga 23 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni suka bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu, ɗaya a Anka ɗaya a Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da biyar, 118 sun rasu a wata goma sha biyun da suka gabata, wato ɗaya cikin huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin masu rai sama da 200 da aka gwada, kashi 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun haura. Kusan biyu cikin uku na gidajen sun amsa cewa ana sarrafa dutse a ciki. A wasu wuraren dalmar da ke ƙasa ta wuce miligiram 100,000 a kowane kilo, alhali ƙa'idar Amurka ta lokacin ga wurin wasan yara 400 ce.

Kayan aikin ma sun gaza. Ƙaramar na'urar gwajin jini da ake ɗauka zuwa ƙauye ba ta karanta abin da ya wuce 65, sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. A wajen likita kuwa 70 daban 300 daban. Sai da aka fito da dabarar tsarma jinin a auna, sannan a ninka.

Amsar tambayar me ya sa ƙanana ba ta da wuya. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba, kuma idan abincinsa ya gaza wajen sinadaran gina jini da ƙashi, jiki sai ya karɓi dalma a madadinsu. Ƙwaƙwalwarsa kuma lokacin ake gininta.

Ba kowane ƙauye ne ya buɗe baki da wuri ba. An samu inda aka ɓoye aikin dutse, har da inda aka rage yawan mamatan, don tsoron kada hukuma ta hana abin da ake ci da shi.

Yuni 2010 zuwa Maris 2011: ƙauyuka bakwai sun samu, garin bai samu ba

MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka. Babban maganin shi ne DMSA, ƙwanso ne da ake haɗiya, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ake buɗewa a zuba wa ƙaramin yaro a ɗan abinci ko abin sha. Aikinsa ya damƙi dalmar da ke yawo a jini ya fitar da ita ta fitsari. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce miligiram 10 a kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana har kwana biyar, sannan sau biyu a rana har kwana 14, jimla kwana 19. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta kumbura akan fara masa da wani maganin ta jijiya, tare da tsayar da jijjigar.

Da farko kwantar da yaran aka yi da iyayensu mata har kwana 28. Ya yi aiki a jini, amma bai ɗore ba. Damina ta faɗi, akwai gona, akwai sauran yara a gida, akwai izinin maigida, ga gadaje ba su kai yawan masu buƙata ba. Aka koma ba da magani a cikin ƙauyuka, wasu ranakun a gaban ma'aikaci, sauran a hannun uwa. Lissafin shekarar farko ya nuna yara 1,156 sun sha zagaye 3,180 na maganin tsakanin Yuni 2010 da Yuni 2011. A jimlace kowane zagaye ya rage dalmar jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ga waɗanda aka kwantar ragin ya wuce rabi. Gwargwadon yawan shan da aka yi a gaban ma'aikaci, gwargwadon saukar. Mace-mace a cikin yaran da ke shirin ya tsaya wajen kashi 2 cikin 100.

A lura da rabon nan: zagaye 3,180 ga yara 1,156, kusan uku ke nan ga kowane yaro. Dalili shi ne dalma ba ta zama a jini. Cikin 'yan makonni take wucewa ta ɓuya a ƙashi, inda za ta iya shekaru masu yawa. Idan magani ya share ta jini, sai ƙashi ya sako wata. Likita ya auna ya ga 60 ya koma 40, bayan wata guda ya tarar da 55. Wannan kuwa a gidan da babu sabuwar guba ke nan.

A nan ne ƙa'idar da ta mamaye dukkan lamarin ta fito. Ba a sa yaro a wannan magani sannan a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da dalma. Ɗiban ruwa ne da kwando, kuma akwai fargabar cewa maganin zai iya ƙara wa hanji tsotsar abin da yaron ke ci gaba da haɗiya. Saboda haka MSF ta kafa sharaɗi: sai an share ƙauye sannan a buɗe jinya a cikinsa.

Sharar aikin hannu ce. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli daga jihar Idaho ta Amurka mai suna TerraGraphics, wanda ya ƙware a irin wannan aiki a garuruwan ma'adinai na can, tare da Cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli da Ma'aikatar Muhalli ta Zamfara, suka horar da mutanen ƙauyukan. A bi gida-gida da wata na'ura ta hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take. Inda ya haura miligiram 1,000 a kowane kilo a kankare saman ƙasa kamar santimita biyar da fartanya, a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a bayan gari, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Inda yake tsakanin 400 da 1,000 a rufe shi kawai. A fitar da kayan ɗaki, a share, a wanke. Gidan matan aure ba a faɗa masa haka nan, don haka sai da aka bi ta hannun sarakuna da masu gida, aka kuma sa mata a cikin aikin.

An share ƙauyuka biyun farko a Yuni da Yuli 2010. An share wasu biyar tsakanin Oktoba 2010 da Maris 2011, da tallafin asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Garinmu an san da shi, an auna shi, an ga abin da ke ciki. Girmansa da tulin dusar da ke gefensa sun fi ƙarfin kuɗin da ke hannu, aka bar shi sai gwamnati ta kawo nata.

2011 zuwa 2012: jira

An ƙiyasta yara kusan 1,500 ne a garin ke cikin haɗari. Likitocin da ke Anka sun san cutar, sun san maganin, yana nan a ɗakin ajiyarsu. Yaron da aka kawo yana jijjiga ba a mayar da shi, ana kwantar da shi a ceto ransa. Amma sauran, waɗanda ke tafiya da ƙafarsu da gubar a jiki, ba a buɗe musu shirin ba. Tambayar da kowace uwa za ta yi a fili take: Likita, tunda kun gane ciwon kuma ga magani, me ake jira? Amsar gaskiya ita ce ana jiran fartanya da buhu da kuɗin leburori.

An gwada abubuwa uku a wannan tsakani.

Na farko, fitar da sarrafa dutse daga cikin gidaje. Masarautu da hakimai suka ba da umarni, aka ware wurare a bayan gari, aka yi ta wayar da kai. Wannan ya rage sabuwar ƙura sosai, kuma shi ne abu mafi arha da aka yi. Sai dai bai taɓa dalmar da ta riga ta kwanta a tsakar gida ba, domin ita ba ta ruɓewa, ruwan sama ma ba ya tafiya da ita. Bai kuma hana magidanci dawowa da ita a riga da takalmi da gashin kai ba, ko ya shigo da buhun dutse cikin dare don gudun ɓarayi. Mutumin da ya bar dukiyarsa a daji ba ya barci.

Na biyu, hani. Gwamnati ta sanar da hana haƙar a 2010. Ramuka na daji, farashi na sama, jami'ai kaɗan ne. Abin da hanin ya fi haifarwa shi ne ɓoyo, kuma ɓoyayyen wuri mafi kusa shi ne cikin gida.

Na uku, matsa wa gwamnatin tarayya. A Fabrairu 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da bincikenta a kan lamarin. A watan Mayu aka yi babban taro a Abuja, inda aka tsayar da cewa a saki naira miliyan 850 da aka yi alkawari don sharar ƙasa da jinya da gyara hanyar haƙa. MSF ta koka a fili cewa ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Wata shida bayan taron ta sake fitowa ta ce ko sisi bai iso ba.

Jinkirin yana da kalandarsa. Ba a kwasar ƙasa da damina, hanyar garin ma lalacewa take yi. Idan ba a fara da farkon shekara ba, to ba za a gama kafin ruwa ya sauka ba, shekarar ta tafi ke nan. Haka aka rasa ranin 2011, aka rasa na 2012.

Janairu zuwa Yuli 2013: an kwashe ƙasa, an buɗe jinya

A ƙarshen 2012 wasu matasa 'yan Najeriya, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin bin diddigin kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, kuma wannan gari ne aikinsu na farko. Suka ɗora sunansa a Twitter da Facebook, suka yi ta tura wa fadar shugaban ƙasa da 'yan majalisa, Human Rights Watch ta mara musu baya. A ƙarshen Janairu 2013 aka sanar cewa Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin.

Aikin ya tafi unguwa-unguwa, Ma'aikatar Muhalli ta jiha na jan ragama, injiniyoyin da suka yi ƙauyukan farko na ba da shawara. Ba a jira an gama duka ba: da zarar an share wani yanki aka tabbatar da awo, sai likitoci su shiga su ɗebi jinin yaransa. A Afrilu 2013 rukunin farko ya fara shan magani. Zuwa Yuli an kammala sharar.

Idan aka haɗa garuruwa takwas ɗin, an kwashe ƙasa da dusa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820, akasari da hannu. Dalmar da ke ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin 100. Yara 2,349 suka sha magani. Matsakaicin awon jinin yara kafin a fara musu magani ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Kuɗin sharar gaba ɗaya ya kama kimanin dala miliyan biyar.

Bayan 2013

Mace-macen da aka gani a 2010 ba su dawo ba. Amma an samu gidajen da suka sake gurɓata, saboda an koma shigo da dutse ko kayan aiki, sai an sake auna su an sake kankarewa. A 2015 irin wannan lamari ya ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can an gane cutar da wuri, tunda an riga an san fuskarta, amma sharar ƙasa sai 2016. A nan ne aka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙa da tanadar wurin wanka da sauya kaya kafin ma'aikaci ya koma gida, ƙurar da ke tashi ta faɗi ƙwarai.

Daga baya matsalar 'yan bindiga ta sa zuwa ƙauyukan Anka ya zama kasada. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019 saboda tsaro, ta ɗage hanin a Disamba 2024. MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar a farkon 2022. Lissafinta ya nuna ta gwada yara 8,480 daga 2010 zuwa ƙarshen 2021, kuma 3,549 daga cikinsu sun sha maganin fitar da dalma.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba

Kuskuren farko na ɗaukar cutar a matsayin sanƙarau ko maleriya ba abin zargi ba ne a ganina. Abin yabon shi ne an yarda magani bai ci ba, aka ɗaga kai daga gadon mara lafiya aka dubi inda yake kwana. Tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar ɗaukar tarihin yaro ita ta warware lamarin: wace sana'a ake yi a gidanku?

Riƙe maganin da likitocin suka yi shi ne hukunci mafi nauyi, kuma ina ganin sun yi daidai, duk da cewa ba ni ne na tsaya gaban iyayen ba. Da sun raba ƙwanson a 2011, da awo ya ɗan sauka ya sake hawa, da iyaye sun ɗauka an warke, da kuma gwamnati ta samu hujjar cewa ai ana jinya. Ƙin nasu ne ya bar ramin a buɗe har kowa ya gan shi. Sai dai kada a manta wanda ya biya kuɗin wannan matsayi, ba likita ba ne, ba minista ba ne.

Maganin kansa yana da iyaka da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Yana hana mutuwa idan dalma ta yi yawa, wannan Zamfara ta tabbatar. Ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan yara 780 masu awo tsakanin 20 da 44, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna maganin ya rage dalmar jini amma bai ƙara musu kaifin fahimta ba. A Zamfara akwai yaran da suka rayu da makanta ko shanyewar jiki, akwai kuma masu yawa da lahaninsu ba zai fito ba sai an sa su gaban allo.

Hani bai yi aiki ba a duk lokacin da aka gwada shi. Fitar da niƙa bayan gari ta bakin sarakuna ya yi, kankare ƙasa ya yi, kuma dukansu da hannun mutanen garin aka yi su, da fartanyar da suke noma da ita. Ilimin aikin ya kammala tun Yuli 2010, lokacin da aka gama ƙauyuka biyun farko. Abin da ya tsaya tsakanin wancan wata da Afrilu 2013 sakin kuɗi ne kawai. Shirin jinyar na 'yan shekara biyar zuwa ƙasa ne, don haka yaron garin da yake shekara uku lokacin da aka aika jinin nan Jamus, kafin likita ya iso unguwarsu da sirinji ya cika shida.